Direba za ka bi ko mota? Ranar Asabar ce ke raba gardama a Formula 1

Ƙanena ne ya same ni a shago ranar nan da wayarsa a hannu, wai yaya dan Allah ka raba ni da wannan ruɗanin, hula zan saya a Sabon Gari amma na rasa wacce zan ɗauka, ga ja ta Ferrari, ga mai ruwan lemo ta McLaren, ga kuma wata an rubuta sunan direba Verstappen a jikinta. Shi yaron bara ya fara kallon Formula 1, gasar tseren motoci ta duniya, kuma da idon ɗan ƙwallo ya shigo, tunda mu nan Kano abin da muka saba kenan, kulob kake bi, ɗan wasa ya zo ya tafi kai kana nan daram. Na ce masa ya jawo benci ya zauna. Abin da na faɗa masa shi ne zan rubuta anan, dan na san ba shi kaɗai bane, akwai da yawa da suka fara leƙowa suna tambayar wai shin direban ne gwani ko motar ce ke ɗaukarsa.

Ni dai in ana wannan musun, Asabar nake kallo, ranar kwalifayin, ranar da ake fitar da wanda zai tashi a gaba da wanda zai tashi a baya. Dalilina kuwa Lahadi, ranar tseren kansa, hayaniya ta yi yawa, wani a ɓata masa sakan biyar wajen canza taya, wani a buge shi a kwanar farko, motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ta fito daidai lokacin da ya yi wa wani daɗi ta kashe wa wani kasuwa, sai ka ga mutum ya ƙare na bakwai alhali ba laifinsa. Asabar kuwa mai kaɗan ake zuba wa mota, a sa mata taya mai laushi sabuwa fil, a ce je ka zagaye ɗaya ka nuna iyakarka. Yadda tsarin yake har ƙarshen kakar 2025, motoci 20 ne, zangon farko Q1 minti 18 a zubar da biyar, Q2 minti 15 a sake zubar da biyar, goman da suka rage su shiga Q3 na minti 12, wanda ya fi kowa sauri shi ne ya ɗauki pol, wato wajen tashi na ɗaya. Tun 2006 ake wannan tsarin na sallama daki-daki. Idan tseren a Turai ne yawanci wajen uku na rana agogonmu ake farawa, lokacin gidajen kallo duk sun koma Firimiya, shi yasa mu masu wannan harka sai a gida ko a waya.

To bari in fara da mota, dan gaskiya ɗaya ce, kaso mafi tsoka nata ne. A 2014 Mercedes ta ɗauki pol 18 cikin 19, ɗayan da ya kuɓuce mata ma Felipe Massa ne ya ɗauka a Ostiriya da Williams wadda injin Mercedes ne a cikinta. A 2016 kuma 20 cikin 21, Daniel Ricciardo kaɗai ya ƙwace ɗaya a Monako. Wa zai ce min a waɗancan shekarun Fernando Alonso da Sebastian Vettel sun manta tuƙi ne? Alonso mai kambu biyu rabonsa da pol tun Jamus a 2012, guda 22 gare shi kacal, kuma babu wanda ya san harkar da zai ce hannunsa ne ya mutu, motar da za ta kai shi ce bai sake samu ba.

Misalin da na fi so in ba sabon shiga shi ne na McLaren a 2023, saboda direbobin ba su canza ba ko ɗaya. Watan Mayu a Mayami, Lando Norris da Oscar Piastri duk su biyun a Q1 aka sallame su. Wata biyu bayan haka a Silverstone, Norris ya zo na biyu Piastri na uku. Me ya faru a tsakani? An kawo wa motar sabbin kaya ne, sabon ƙasan mota da sabon gefe, iska ta fara danne ta a kwana yadda ya kamata. Mutum ba ya koyon tuƙi irin wannan a sati tara. Haka ma George Russell a 2020, yana Williams a can ƙarshen layi, in ya tsallake Q1 ma murna ake yi, sai korona ta kama Lewis Hamilton aka ce ya zo ya riƙe masa Mercedes a Sakhir can Bahrain, motar ma ta yi masa kaɗan dan ya fi Hamilton tsawo, amma ya zo na biyu, tsakaninsa da Valtteri Bottas da ya shekara huɗu a motar sakan 0.026 ne. Sati ɗaya kacal, daga ƙasa zuwa layin gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ya san wannan, mahayi komai ƙwarewarsa in dokinsa bai ƙoshi ba sai dai ya sha ƙurar na gabansa.

Da na kawo nan ƙanena ya ce to shikenan ai magana ta ƙare, mota zan bi. Na ce dakata tukuna, kowace ƙungiya fa mota biyu gare ta, kuma anan ne ma'aunin yake. Inji ɗaya, fiffike ɗaya, taya iri ɗaya, gareji ɗaya, injiniyoyi suna ganin bayanan kowa a kwamfuta har direba yana iya duba inda abokinsa ya taka birki da inda ya saki. In ɗaya yana fin ɗaya sati bayan sati, to wannan ba mota bace. Kar ka taɓa haɗa direban Haas da na McLaren ka ce wane ya fi wane, zalunci ne. Haɗa kowa da wanda suke kwana gareji ɗaya.

Duba 1988. McLaren ta ɗauki pol 15 cikin 16, wannan aikin mota ne babu musu. Amma a cikin 15 ɗin nan Ayrton Senna ne da 13, Alain Prost 2, kuma Prost a lokacin yana da kambu biyu a aljihu, ba ƙaramin yaro bane. A Monako na shekarar Senna ya ba shi ratar sakan 1.427 a mota iri ɗaya. A wannan wasan da ake rabuwa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, rata irin wannan kamar a ce ɗaya ya kai Gadar Lado ɗayan bai bar Ɗan Agundi bane. Motar ta ajiye su biyun a layin gaba, amma wanda zai tsaya a gaban wani hannu ne ya yanke.

Na zamaninmu kuwa Max Verstappen na Red Bull ne, kuma wallahi abin da ya yi a 2025 ni ya fi burge ni akan 2023 da ya ci tsere 19. A 2023 Red Bull ta ci 21 cikin 22, kowa ya ce mota ce mota ce. Toh amma a wannan motar dai abokin garejinsa Sergio Perez ya yi tsere biyar a jere bai shiga Q3 ba, daga Monako har Silverstone, ya ƙare shekarar da pol 2, Verstappen na da 12. A 2025 kuma motar da ta fi kowacce McLaren ce, ita ta ɗauki pol 13 cikin 24, Norris 7 Piastri 6, amma mutum ɗaya da ya fi kowa yawan pol a shekarar Verstappen ne, guda 8. A Suzuka ta Jafan babu wanda ya sa masa rai, McLaren ce a sama tun atisaye, sai ga shi ya buga 1:26.983 ya wuce Norris da sakan 0.012, tazarar da a ƙasa ba ta fi taku ɗaya ba bayan gudun kusan kilomita shida. A Monza ya yi 1:18.792, matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 264 a awa, ba a taɓa zagaye mai sauri haka ba a tarihin gasar. Ɗaya kujerar ta Red Bull fa? Liam Lawson tsere biyu ya yi aka sauke shi, a Chaina na ƙarshe ya zo a kwalifayin, aka kawo Yuki Tsunoda shi ma ya sha wuya har shekara ta ƙare. Cikin maki 451 da Red Bull ta tara, 421 na Verstappen ne. In ka cire shi ka dubi ɗaya motar kaɗai sai ka rantse ƙungiyar tsakiyar tebur ce.

Sai dai fa shi ma wannan ma'aunin na abokin gareji yana da inda yake yaudara, kuma ya kamata in faɗa dan kar in sayar muku da rabin magana. Na farko, mota tana da hali. Akwai wadda gabanta ke da kaifi, da ka taɓa sitiyari ta shige kwana, bayanta kuma yana rawa yana neman ƙwacewa, Verstappen irin wannan yake so, wasu kuma in bayan mota bai zauna ba zuciyarsu ba ta ba su su saki ƙafa. Kaga kenan ratar da ke tsakaninsa da abokansa ba duka bace tsantsar gudu, wani ɓangaren jituwa ce tsakaninsa da motar. Ku tambayi masu adaidaita sahu, ko a cikinsu wani in an ba shi na abokinsa sai ya yini yana ƙorafin birki. Na biyu, wani lokaci sabon kaya guda ɗaya ake ƙerawa, a ba babban direba, ƙaramin ya jira sati biyu. Na uku, lissafin wane ya doke wane sau nawa ba ya nuna girman ratar. Russell ya yi wa Robert Kubica 21 da babu a 2019, Alonso ya yi wa Stoffel Vandoorne 21 da babu a 2018, Alex Albon ya yi wa Logan Sargeant 22 da babu a 2023, wannan kam a fili yake. Amma in ka ga 13 da 11 ko 12 da 12, to sai ka koma ka duba sakan nawa ne a tsakani, da kuma waye abokin. Albon ɗin nan da ya share Sargeant, shi ne Verstappen ya yi wa 17 da babu a 2020. Doke rarrauna ba ya mai da kai sarki.

Maganar Hamilton ita ce ta fi min ciwo, dan da yawanmu saboda shi muka fara kallo, baƙin mutum ɗaya tilo a layin, ga pol 104 wanda babu mai shi, Michael Schumacher 68 ya tsaya, Senna 65, Vettel 57. Masu cewa mota ce kawai ta ba shi, su je su kalli zagayensa na Singafo a 2018, a hanyar da Mercedes ba ta saba jin daɗinta ba, ko Hangari 2023 da ya ƙwace pol daga hannun Verstappen da sakan 0.003 a shekarar da Red Bull ke cin kowa. Amma ma'aunin da na kafa da shi zan auna shi, ba zan canza mudu dan ina son mutum ba. A 2024 Russell, wanda a lokacin shi ne abokin garejinsa a Mercedes, ya fi shi a kwalifayin 19 da 5. Ya koma Ferrari a 2025, ya ɗauki pol na gajeren tsere a Chaina ya kuma cinye muka yi ta murna, daga nan abin ya tsaya, abokin garejinsa Charles Leclerc ya riƙa shiga gabansa kusan kowace Asabar, a Las Begas ma na 20 ya zo. Tun da aka canza dokar motoci a 2022 zagaye ɗayan nan ya daina zauna masa kamar da. Wanda zai bi Hamilton yau ya bi shi dan tarihi da ƙauna, wannan hujja ce mai kyau, amma ya sani a Asabar ba shi ne na ɗaya ba a yanzu.

Shi kuma Leclerc darasinsa daban ne, yana nuna maka cewa pol ba kofi bane. A 2022 ya ɗauki pol 9, Verstappen 7, amma Leclerc tsere 3 ya ci Verstappen ya ci 15. A 2023 pol 5 bai ci ko ɗaya ba. A Baku ya yi pol shekara huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 ba tare da ya ci tseren ba ko sau ɗaya. Abin da ke faruwa, akwai motar da ke saurin ɗumama taya, a zagaye ɗaya ta yi wuta, amma a dogon tsere ta cinye tayar da wuri, akwai kuma wadda ake yi wa saiti dan Lahadi a haƙura da Asabar, tunda da an fara kwalifayin doka ta hana a sake taɓa yawancin saitin motar. Ko a 2014 Nico Rosberg ya fi abokin garejinsa Hamilton pol, 11 da 7, amma Hamilton ne ya ɗauki kambun. Dan haka Asabar tana gaya maka waye mai gudu, ba ta yi maka alƙawarin waye zai ɗaga kofi ba.

Ruwan sama kuma shi ne ke ɗan rage wa mota iko. Russell ya sa Williams a na biyu a Spa ta Beljiyam a 2021, Kevin Magnussen ya ɗauki pol da Haas a Birazil a 2022 ranar da abokinsa Mick Schumacher ya zo na ƙarshe, Nico Hulkenberg ma ya yi a Birazil ɗin a 2010. Kar dai ka gina hukunci akan rana ɗaya irin wannan, dan da sa'a a ciki, wanda ya fita kafin ruwa ya ƙaru ya tsira.

To yanzu zaɓin. In kai mutum ne mai son gida ɗaya har abada, irin wanda ko Pillars na ci ko ba ta ci yana filin Sani Abacha, to ƙungiya ta dace da kai, kuma Ferrari ce ta fi kama da wannan, ita kaɗai ce take gasar tun 1950, sai dai ka shirya haƙuri dan rabonta da kambun direbobi tun Kimi Raikkonen a 2007, na ƙungiyoyi tun 2008. In kana son inda mota biyu duk ke aiki kuma ana fafatawa ta gaskiya a cikin gida, McLaren ce, ta ci kambun ƙungiyoyi a 2024 karon farko tun 1998 ta maimaita a 2025, Norris ya zama zakara da maki 423, biyu kacal ya fi Verstappen. Kuma ka lura da Piastri, a 2024 Norris na da pol 8 shi ba shi da ko ɗaya, shekara ɗaya tsakani ya zo da 6, wannan ci gaban na hannunsa ne tunda motar tasu ɗaya ce. Matsalar bin ƙungiya saboda tana ci ita ce ƙarfin mota ba ya dawwama, doka na canzawa sai layi ya juye. Williams da ta ba Nigel Mansell pol 14 cikin 16 a 1992 ita ce ta koma ta ƙarshe a 2019. Kuma 2026 shekarar sabuwar doka ce gaba ɗaya, sabon inji da kusan rabin ƙarfinsa lantarki ne, sabon fiffike, Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo ta zama ta 11 motoci sun koma 22, Red Bull ta hau injin da ta ƙera da kanta tare da Ford, Aston Martin ta koma Honda ga gwanin zana mota Adrian Newey a wajenta. Wanda ya sayi hula yau dan motar bara, zai iya wayar gari tana Q1.

Ni shawarar da na ba ƙanena, direba zai bi, kuma ya zaɓe shi da ratar da yake ba abokin garejinsa, kar ya zaɓe shi da yawan kofi. Hannu yana bin mutum duk inda ya koma, mota kuwa a masana'anta ake barinta. Da wannan mudun mutum uku ne a sama a wajena, Verstappen sai Leclerc sai Russell, kuma Verstappen na gaba da tazara, duk da ni ba masoyinsa bane, yadda yake rufe wa mutane hanya ranar Lahadi ba ya min daɗi ko kaɗan. Norris da Piastri suna biye, wahalar auna su ita ce kowannensu ya samu abokin da ya kusa kai shi. In kuma musu ake a majalisa wai wa zai ɗauki pol gobe, to anan ka fara da mota, ka duba ƙungiyar da motocinta biyu suka yi kyau a atisayen ƙarshe, sannan a cikin biyun ka ɗauki wanda ya saba fin ɗan uwansa, Verstappen kaɗai nake cirewa daga wannan ƙa'idar. Wani abu kuma da zai taimake ka, in kana son sanin ƙarfin mota na gaskiya kar ka kalli babban direban, kalli inda na biyun ya tsaya.

Ya yi shiru yana juya wayar, can ya ce to yaya ai ni jar ce ta fi shiga raina. Na ce to ɗauki jar amma ka tambayi mai shagon ko akwai mai lamba 16, ta Leclerc, ka haɗa biyu kenan, ga gida ga hannu. Ya ce in babu fa sai mai 44? Na ce ita ma ɗauko, Hamilton ya ci wannan darajar. Mun yi da shi cewa Asabar ɗin farko ta kakar 2026 a Melbon ta Ostireliya, wadda za ta faɗo cikin azumi, ba zai koma barci bayan asuba ba, zai zo gidana da littafi da biro, mu raba shafi gida 11, kowace ƙungiya mu rubuta lokacin direbobinta biyu da ratar da ke tsakaninsu, mu ci gaba da haka har tsere shida kafin kowa ya buɗe baki ya ce wane ya fi wane.